Gardin da aka ɗauka da kuɗi, wa yake karewa?

Duk wanda ya zagaya Yamai, Maradi ko Damagaram ya ga ƴan gardi na kamfanoni a ƙofar bankuna da ma'aikatun ƙungiyoyi. Sana'ar nan tana da tarihi.

A wajajen 1850 Allan Pinkerton ya kafa kamfanin tsaro da bincike a Chicago ta Amurka. Tambarinsu ido ne buɗe, wai ba sa barci. Sun bi sawun ɓarayin jirgin ƙasa, kuma a 1861 sun raka Abraham Lincoln ya tsallake makircin kisa a Baltimore. To amma a 1892, masu masana'antar ƙarfe ta Homestead suka yi hayar mutanen Pinkerton wajen 300 don murƙushe ma'aikata masu yajin aiki, aka yi asarar rayuka. Shi ya sa a 1893 majalisa ta hana gwamnatin tarayya ɗaukar su aiki. A 1999 kamfanin Securitas na Suwidin ya saye shi, yau yana bincike da rakiyar manyan mutane.

Kun ga darasin ke nan. Gardin kamfani umarnin mai biyansa yake bi, shi kuwa jandarma doka ce ta ɗaure shi. Don haka muna kira ga mahukuntanmu su sa ido: wa ya ba kamfani izini, wane horo gardi ya samu, nawa ake biyansa a wata? Gardin da yunwa ke cinsa, wallahi ba zai tsare dukiyar kowa ba.