SHARHI: Sayen a-kori-kura ba wuya, riƙe ta ne aiki

Duk wanda ke bin titin Murtala Mohammed ta Bata ya san irin motocin da ke kutsawa tsakanin 'yan adaidaita-sahu da masu turin baro: Hilux mai baƙin gilashi ta wani ofishin gwamnati, Tundra ta ɗan kwangila, da tsohuwar a-kori-kura mai jigilar kaya daga Singa zuwa Kwanar Dawaki. Cikin su akwai wadda ke ciyar da gida, akwai wadda ke cin gida. Bambancin yana cikin lissafin da mai saye ya yi, ko ya ƙi yi, kafin ya karɓi makulli. Idan kuma mai sayen gwamnati ce, to aljihun talaka ne ke biyan kuskuren.

A da, a-kori-kurar Kano ita ce Fijo 404, sai 504 ta gaje ta, bayan kamfanin PAN ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975. Kowane bakanike ya san cikinta, kayan gyaranta kuma suna kusa. Yau manyan motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka, irin su Toyota Tundra da Ford F-150, sun shigo a matsayin tokumbo, suna gogayya da Hilux wadda ba ta kai su girma ba. Sun zo da ƙarfi da kwarjini, sun kuma zo da dawainiyar da aka auna da aljihun Ba'amurke.

Tanki guda ya fi albashin wata

Tundra ƙirar 2007 zuwa 2021 mai babban inji na lita 5.7 tana shan kimanin lita 16 a kowace kilomita 100, a cunkoson Bata da 'Yankura kuwa abin ya wuce haka. Ƙaramin tankinta yana cin lita 100. Kafin 29 ga Mayu, 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai, litar fetur a hukumance ba ta kai naira 200 ba, wato naira 20,000 na cika tankin har da canji. Zuwa Oktoban 2024 lita ta haura naira 1,000. Ko an ƙaddara ta a naira 900, cika tanki sau ɗaya naira 90,000 ne, alhali mafi ƙarancin albashi da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya amince da shi a 2024 naira 71,000 ne. Tafiya Abuja da dawowa za ta lashe sama da lita 130, kimanin naira 120,000, ba a zo maganar taya ko burki ba.

Hilux mai injin fetur na lita 2.7 ta fi sauƙin sha, amma ita ma tankinta lita 80 ne. Mai amfani da man gas kuwa tana da tata larurar, domin gurɓataccen mai na saurin kashe bakin feshin man da ke cikin injinta, gyaransa kuma ba na ƙaramin gareji ba ne. Direbobi ba su manta da gurɓataccen fetur ɗin da ya shigo ƙasar nan a Fabrairun 2022 ba, wanda ya kwantar da motoci da dama.

Ciwon da take zuwa da shi

Akasarin waɗannan motoci sun sha aiki kafin su hau jirgin ruwa, wasu ma daga gwanjon motocin da suka yi hatsari ko ambaliya ta ci ake sayo su. A jihohin Amurka masu dusar ƙanƙara ana barbaɗa gishiri a kan titi, shi kuma yana cin ƙarfen ƙasan mota. A 2016 Toyota ta amince da sasanci na kimanin dala biliyan 3.4 kan tsatsar shasin Tacoma da Sequoia da Tundra ƙirar 2007 zuwa 2008. Mai mota a can ya samu an duba masa ko an sauya masa shasi kyauta. Wanda ya saye ta hannu na uku a Kano sai dai ya nemi mai walda. Ita ma F-150 ƙirar 2004 zuwa 2008 mai injin lita 5.4 ta yi ƙaurin suna wajen karyewar fulogi a cikin inji yayin cirewa. Ko sababbi ba su tsira ba, domin a 2024 Toyota ta yi kiranye ga motoci kusan 100,000, mafi yawansu Tundra ƙirar 2022 da 2023, saboda ɓurɓushin ƙarfe da ya saura a injinsu tun daga masana'anta.

Sauran ciwon mu ne ke jawo shi. Ƙurar hunturu na toshe matatar iska, zafin Afrilu na gwada lagireto, ramukan damina na karya ƙafafu. A garejinmu an saba cire na'urar daidaita zafin inji da sunan maganin tafasa, a zuba ruwan rijiya a madadin ruwan sanyaya inji, a ɗura baƙin mai mai kauri a injin da aka ƙera don mai tsinkakke. Juye ɗaya na Tundra yana cin fiye da lita 7, kusan ninkin na ƙaramar mota, shi ya sa ake jinkirta shi ko a nemi mai araha. Arha kuwa ba ta ado.

Kayan gyara a Sabon Gari da Ƙofar Ruwa kusan duk da dala ake shigo da su. Tun da Babban Banki ya saki farashin naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga kusan naira 460 a hukumance zuwa sama da 1,500 a farkon 2024, farashin taya da batir da fulogi ya bi sahu. Mai Hilux na iya samun abin da yake nema a rana guda, saboda yawanta a gari. Mai F-150 sau da yawa sai ya jira saƙo daga Ladipo a Legas, motar na zaune, aiki na wucewa.

Inda abin ya shafi baitulmali

Ɗan kasuwar da ya yi kuskuren lissafi kansa ya cuta. Gwamnati kuwa tana maimaita kuskuren ne da kuɗin jama'a. An saba ganin jerin sababbin motocin sintiri da ƙyallen yanka a gabansu, gwamna na miƙa makullai. Ba a saba ganin bayanin nawa aka ware na mai da juye da taya na shekaru biyar masu zuwa ba. Sakamakon yana bayyane a harabar ofisoshi da sakatariyoyin ƙananan hukumomi, inda motoci ke kan duwatsu, kuma a ƙorafin da aka daɗe ana ji cewa mai kai ƙara ne ke zuba wa motar sintiri mai. Sabuwar kwangila na kawo kaso da hoton jarida. Gyara ba ya kawo ko ɗaya.

Gwamnatin Obasanjo ta so rage wannan nauyi a 2003 da tsarin bai wa jami'ai kuɗi maimakon motar ofis. Shekara ashirin bayan haka, a Oktoban 2023, Majalisar Tarayya ta kare sayen manyan motoci ga mambobinta, waɗanda rahotanni suka ce kowace za ta kai kimanin naira miliyan 160, da hujjar cewa hanyoyi sun lalace. Wato masu amincewa da kasafin tituna sun zaɓi motar da za ta tsallake rami maimakon cike ramin.

Wannan ba hujja ba ce ta daina sayen a-kori-kura. Asibitin karkara da ma'aikatan rigakafi da 'yan sandan kan iyakar Falgore suna buƙatarta fiye da kowane kwamishina. Abin nema shi ne kowace kwangilar mota ta zo da kuɗin riƙonta a rubuce, a taƙaita nau'in da ake saya domin kayan gyara su zama iri ɗaya, a kuma wallafa rajistar motocin gwamnati da halin da kowace ke ciki.

Matasa na da makamin neman haka. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowa damar tambaya a rubuce, ta kuma ba hukuma kwana bakwai ta amsa, sannan a Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta yanke cewa dokar ta hau kan jihohi. Tambayoyin uku ne: motoci nawa aka saya a shekaru biyar da suka wuce, nawa ne ke tafiya yau, kuma ina aka kai waɗanda suka mutu?