Kira Ga Hukuma: A Sa Wa Tallafin Kuɗi Rana Domin Gidajen Kankiya Da Kusada

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Katsina, Malam Dikko Umaru Raɗɗa, da shugabannin ƙananan hukumomin Kankiya da Kusada, da iyayenmu hakimai, da jami'an Ma'aikatar Jin Ƙai ta Tarayya masu kula da tallafin kuɗi.

Ina kawo kukan gidajen karkara na ƙasar Kankiya da Kusada game da tallafin kuɗin da ake bai wa talakawa hannu da hannu. Shirin yana nan, ba sabon abu muke neman a ƙirƙiro ba. Roƙonmu shi ne a sa masa rana sananniya, kuma ranar ta faɗo lokacin da gidan manomi ya fi shiga ƙunci.

Ranku ya daɗe, kun san yadda shekarar ƙaramin manomi take juyawa. Mutumin Rimaye ko Kafin Soli, mutumin Yashe ko Mawashi, da kaka yakan tara ɗan gero da dawa da wake da gyaɗa, amma tun kafin dami ya shiga rumbu masu bin sa bashi suna zaune a ƙofar gida. Dole ya sayar a lokacin da hatsi ya fi arha. Abin da ya rage zai kai shi bazara, in Allah Ya taimaka ya kai shuka. Daga Yuli zuwa farkon Satumba rumbu ya yi ƙasa, kuɗin tiya ya hau a kasuwa, gona tana neman noma da taki, sauro ya yi yawa, yara suna kwanciya da zazzaɓi. Duk nauyin shekara ya taru a wata uku, kuma a daidai lokacin da babu ko sisi a gida.

A nan ne talauci yake kafa saiwa. Maigida zai bar gonarsa ciyawa na cin ta, ya tafi ƙwadago gonar mai hali domin ya samo abin da za a dafa da dare, ta haka amfanin da zai girba bana ya ragu tun yanzu. Ko ya ci bashin hatsi da sharaɗin biya da ƙari idan kaka ta yi. Ko a kama akuyar uwargida a kai kasuwa a karɓi abin da aka taya. In abin ya yi tsanani a jinginar da gona, wadda sau da yawa ba ta dawowa. Wannan ciwo ya daɗe. Polly Hill, Baturiyar da ta zauna a Batagarawa a 1967 ta nazarci zaman manoman ƙasar Katsina, ta nuna a littafinta na 1972 cewa akwai magidantan da talauci yake hana su noman kansa, saboda yunwar damina tana fitar da su daga gonakinsu. Fiye da shekara hamsin ke nan, kuma duk wanda ya shiga ƙauyukanmu a watan Agusta zai tarar da jikokin waɗannan mutane cikin hali guda.

Idan ɗan kuɗi ya shigo gida a wannan lokaci, aikin da yake yi ya fi ƙarfin adadinsa. Ana auno tiya biyu ko uku, maigida ya samu kwanakin da zai tsaya a gonarsa ya yi maimai. Yaron da jikinsa ya yi zafi a kai shi asibiti tun ranar farko, kafin jini ya ƙare masa. Akuya ta tsira, ta haihu. Idan kuma kuɗin ya ci gaba da zuwa, uwargida takan ware wani abu ta sayi gyaɗa ta yi ƙuli-ƙuli da mai, ko waken suya ta yi awara, ta shiga adashi da maƙwabta. Yarinyar da ake ɗora wa talla tun da safe sai ta samu sararin zuwa makaranta. Kuɗin kuma ba ya barin yankin, yana ƙarewa ne a hannun mai awo da mai niƙa da mai kayan miya na garin.

An gwada wannan a maƙwabtanmu, an kuma bi sawu an auna. A Jigawa da Zamfara, tsakanin 2013 da 2019, ƙungiyoyin Save the Children da Action Against Hunger sun gudanar da shirin da ke bai wa mace mai juna biyu naira 3,500 duk wata, daga baya aka mayar da shi 4,000, har yaronta ya cika shekara biyu, tare da wayar da kai kan shayarwa da abincin yara. Binciken da aka yi ya nuna tsumburewar yara ta ragu, mata da yawa sun kama sana'a, gidaje sun ƙara dabbobi. A Jamhuriyar Nijar ma, har da jihar Maraɗi da ke kan iyakarmu, gwamnati ta riƙa bai wa gidaje jaka goma ta sefa duk wata har shekara biyu, kuma an ga mata sun zuba a adashi da kiwo. Waɗannan mutane Hausawa ne irinmu, gero suke ci, damina guda muke jira. Abin da ya sa shirin ya yi musu amfani shi ne sun san ranar da kuɗin zai zo, suka yi lissafi a kansa.

A nan ne namu ya samu rauni. Gwamnatin Tarayya ta fara shirin naira 5,000 duk wata a 2016, ana biyan 10,000 bayan wata biyu, da rancen Bankin Duniya da kuma dala miliyan 322 na kuɗin Abacha da ƙasar Siwizalan ta dawo da su. Jihar Katsina tana cikin waɗanda suka amfana, kuma mun gode. Amma biyan ya riƙa tsallake watanni, darajar kuɗin kuma tana narkewa. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500, daga baya ta wuce 1,000, kuɗin mota da na abinci suka bi ta. A Oktoban 2023 aka ƙaddamar da sabon shiri na naira 25,000 sau uku ga gidaje miliyan 15, sai aka dakatar da shi a Janairun 2024 saboda binciken badaƙala a ma'aikatar, kafin a dawo da shi da sharaɗin lambar NIN ko BVN. Matar da ba ta san ko kuɗi zai zo bana ko baɗi ba, ba za ta iya ɗaukar zubin adashi ba, mai awo ma ba zai ba ta bashi a kansa ba. Idan ya zo kwatsam da kaka, lokacin da abinci ya wadata, an riga an sayar da akuyar.

Ana yawan cewa kuɗin kyauta yana sa lalaci, ko kuma maza za su karɓe su ƙara aure. Ina roƙon masu wannan magana su duba adadin da ake bayarwa, su kuma duba mutanen. Wanda yake yini a duƙe a gonar wani da cikinsa babu komai ba malalaci ba ne. Batun maza kuwa, maganinsa shi ne a ci gaba da sa sunan uwargida a matsayin mai karɓa, domin ita ce ta san abin da ya rage a tukunya. Akwai kuma masu ganin gara a raba buhunan shinkafa. Rabon abinci yana da wurinsa a lokacin annoba, amma yana cin kuɗin mota da na dako, yana jawo turereniya, kuma buhu ba ya sayen maganin zazzaɓi.

Mai Girma Gwamna, ba ma so jihar ta zauna jiran Abuja. A tsakiyar 2025 ƙungiyar likitoci ta MSF ta sanar da cewa yara 652 sun rasu a cibiyoyinta na Katsina cikin wata shida saboda tamowa. Wannan adadi na waɗanda suka kai asibiti ne kawai. Yankinmu kuma yanzu yana ɗanɗana satar shanu da fargabar 'yan bindiga, wadda ke hana wasu zuwa gonakin nesa. Muna roƙon a ware kaso a kasafin jiha, ƙananan hukumomi su ƙara nasu, a riƙa biyan gidajen da suka fi rauni duk wata daga Yuni zuwa Satumba, ko da kuɗin ba shi da yawa. A fara da masu juna biyu da masu goyo, da zawarawa masu riƙon marayu, da tsofaffin da ba su da mai nema musu. Idan ana son a gwada kafin a faɗaɗa zuwa mazaɓu 361 na jihar, Kankiya da Kusada sun dace da gwaji: suna tsakiyar jiha, kusa da hanyar Katsina zuwa Kano, sa ido a kansu ba zai yi wuya ba.

Sai maganar rajista, wadda ita ce ta fi ci wa mutane tuwo a ƙwarya. Tsohuwar da ba ta da waya, ba ta da asusun banki, ba ta taɓa yin NIN ba, ita ce ta fi cancanta, ita ce kuma na'ura ta fi saurin zubarwa. A kai masu rajistar NIN mazaɓu kyauta, kada a ce sai ta biya kuɗin mota zuwa hedikwata. Sunayen da aka zaɓa a karanta su a bainar jama'a, gaban dagaci da mai unguwa da liman da wakilan mata, domin a ƙauye kowa ya san gidan da ba a hura wuta ba jiya. Iyayenmu hakimai, a nan muke neman ku tsaya tsayin daka, kada jerin sunayen ya koma ladan 'yan jam'iyya ko rabon dangi. A kuma kai biyan kusa da mutane, a ƙayyade abin da mai POS zai cira, a hukunta duk wanda ya ce sai an ba shi kasonsa kafin ya saki kati ko kuɗi. Wanda aka zalunta ya san ofishin da zai kai ƙara da sunan jami'in da zai saurare shi.

Muna roƙon a tsayar da jadawalin biyan tun da rani, a sanar da shi a gidan rediyon jiha da masallatan Juma'a da kasuwanni, da adadin kuɗin da ranar kowace mazaɓa, yadda duk gidan da ke cikin rajista zai san abin da zai samu kafin ruwan shuka ya sauka.

Allah Ya ƙara muku lafiya da adalci, Ya ba mu damina mai albarka.