Idan Ofis Ya Rufe, Wa Zai Ciyar Da Mutanen Fadamar Hadejia?

  

Ya 'yan'uwana matasa, daga 1 ga Oktoba zuwa 12 ga Nuwamba na 2025 gwamnatin tarayyar Amurka ta rufe ayyukanta har kwana 43, saboda 'yan majalisa sun kasa daidaitawa a kan kasafin kuɗi. Tallafin abincin da mutum wajen miliyan 42 suka dogara da shi ya sami tangarɗa a watan Nuwamba, iyalai suka koma bin layi a ƙofar ƙungiyoyin sa-kai. Na ga wasunmu suna yaɗa labarin suna shewa, wai ga uwar dimokuraɗiyya ta kasa ciyar da 'ya'yanta. Ni dariyar ba ta zo mini ba, domin Auyo na tuna, da Guri, da Kirikasamma.

Mu tamu rufewar ba a sanar da ita a rediyo. Duk wanda ya ga daminar 2020 da ta 2022 a ƙasar Hadejia ya san yadda take zuwa. Kogi ya cika ya batse, kacalla ta toshe masa hanya, ruwa ya bi gonakin shinkafa ya shiga gari, gidajen ƙasa su yi ta zubewa cikin dare. Mata da yara su tare a azuzuwan firamare, samari su kwana suna ɗura ƙasa a buhu suna tare jinga. Daga nan sai a fara jira: a kafa kwamiti, a ɗauki sunaye, a rubuta takarda, a jira sa hannu. Yaron da ke kuka a kan tabarma bai san ana jiran sa hannu ba. Ba mu kuma manta da Oktoban 2020 ba, lokacin da jama'a suka fasa rumbunan tallafin korona a Jos da Legas suka tarar da abinci jibge.

Kada a fahimce ni a baibai. Shugaba makiyayi ne, kuma za a tambaye shi ranar gobe, ban yafe wa kowa ko kwano ɗaya ba. Wanda nake jayayya da shi a yau shi ne ɗan'uwan da ya mai da kalmar "haƙƙin gwamnati ne" ta zama garkuwarsa. Yana da ɗakin da babu kowa a ciki sai kwanuka, yana da buhuna a sito yana jiran farashi ya tashi, amma idan aka ce maƙwabcinsa yana kwana a makaranta sai ya ɗauko waya ya zagi gwamna a Facebook, ya ji ya sauke nauyi. Wallahi bai sauke ba. Malamanmu na Malikiyya sun wajabta wa mai rarar abinci ya ba wanda yunwa ke shirin halakawa, kuma ba su sharɗanta sai hukuma ta gaza ba.

Ku lissafa da ni. Fadamar da ke cinye mutane da damina ita ce ke fitar da shinkafa da alkama da rani. Nisabin zakkar hatsi wasaƙi 5 ne, wato sa'i 300. Wanda ruwan sama ko na kogi ya shayar masa ba da wahala ba zai fitar da ɗaya bisa goma, wanda ya sha ɗawainiyar injin ban-ruwa ya fitar da rabin haka. Manomin da ya ɗinke buhu 200 da inji, goma daga ciki ba nasa ba ne. Asali kuma a raba ta a inda aka nome ta. To, tirela nawa ke tashi daga kasuwannin nan zuwa Kano da Kudu, kuma buhu nawa ke isa hannun kwamitin zakka na masarautar Hadejia? Kwamitin yana nan yana aiki, abin da ya rage masu bayarwa ne.

A shekarar fari ta 18 bayan Hijira, Sayyidina Umar (RA) ya haramta wa kansa nama da man shanu, ya rubuta wa Amr ɗan Asi ya turo abinci. Wannan ɓangaren muke son karantawa, don yana tuhumar shugabanni. Amma an ruwaito kuma cewa ya yi niyyar, idan abin ya ƙi ƙarewa, ya haɗa kowane gida da mabuƙata daidai yawan mutanen gidan, su raba abin da ke akwai. Wannan kuwa mu yake tuhuma, shi ya sa ba a cika jin sa a bakinmu ba.

Ku da kuka iya kwamfuta, tun kafin watan Agusta ku zauna da limaminku da mai unguwa, ku rubuta gidajen da ke da ɗakin saukar baƙi da manoman da zakka ta hau kansu, sannan a ware wani kaso na hatsin sadaka a ajiye shi a tudu, inda ruwa ba ya kaiwa.

Wallahu a'alam.