Tsohuwar Fijo da 'Yan Jari-Bola: Wace Mota Ce Ta Cancanci A Ajiye?

Maganar wannan makon a kan tsofaffin motoci ce, domin na lura duk wanda ke da wata akwala a bayan gida, kaji na ƙwai a cikinta, ya fara cewa yana da kayan tarihi. A ganina tsufa kaɗai ba ya sa mota ta yi daraja.

Ƙungiyar masu tsofaffin motoci ta duniya, FIVA, ta ce sai mota ta kai shekara 30, an adana ta a kamanninta na asali, kuma ba ita ce ta zirga-zirgar yau da kullum ba. Shekarun su ne mafi sauƙi, kowace mota za ta kai idan tsatsa ta bar ta. Asalin shi ne mai wuya, kuma nan ne mu muke faɗuwa.

Mutumin nan namu idan ya samu tsohuwar mota, abin da zai fara yi shi ne ya kai ta gareji a cire injinta a dasa na Toyota, wai don ya fi shan mai kaɗan. Sai a sake fenti da launin da kamfanin bai taɓa yi ba, a yaye kujeru, a sa baƙin gilashi da tayoyi masu ƙyalli. Shi a zatonsa ya gyara ta. Mai saye da ya san abin da yake nema kuwa, lambar injin zai fara dubawa ya ga ko ta dace da ta takarda. Ya fi son fenti da ya koɗe amma na kamfani ne, a kan sabo mai sheƙi da aka lulluɓe tsatsa a ƙarƙashinsa. Ka sa maganaɗisu a jikin ƙofa, in ya ƙi kamawa, to ciko aka yi a wurin, ba ƙarfe ba ne.

Ƙarancin mota ma yana sa ta tsada. Marsandi samfurin 300 SLR Uhlenhaut guda biyu kacal aka ƙera a 1955, shi ya sa aka sayar da ɗaya a 2022 kan Yuro miliyan 135. Wannan harkar attajiran Turai ce, mu bar musu. Akwai kuma labarin da ke bayan mota: Marsandin da aka harbi Janar Murtala Muhammad a cikinta ranar 13 ga Fabrairu 1976 tana gidan tarihi na ƙasa a Legas, da ramukan harsashi a jikinta, kuma ba ƙarfenta ake zuwa kallo ba.

Ni dai idan za a tambaye ni motar da ta cancanci ɗan Arewa ya nema ya ajiye, Peugeot 504 ce, Fijon iyayenmu. Ta fito a Faransa a 1968, aka zaɓe ta gwarzuwar motar Turai ta 1969, ta kuma lashe tseren Safari na Gabashin Afirka a 1975. A wannan shekarar ce aka fara haɗa Fijo a Kakuri, Kaduna. Faransa ta daina ƙera 504 tun 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita fiye da shekara ashirin bayan haka. Ita ce ta ɗauki jami'an gwamnati, ita ce tasi daga Kano zuwa Legas, ita ce ta kai amare ɗakinsu. Ƙafarta tana da tsawo, ba ta jin ramin hanya, kuma kowane tsohon bakanike yana iya kwance injinta ya mayar ba tare da kwamfuta ba.

Wani zai ce ai an ƙera fiye da miliyan 3, ina ƙarancin yake? Yawan nan shi ne ya cinye ta. Saboda kowa na da ita, ba wanda ya ga dalilin adanawa. Da motocin Kwatano suka cika gari, sai aka tura ta ɗaukar itace da gawayi har ta mutu, 'yan jari-bola suka auna ta a sikeli. Yau ka zagaya unguwarku ka nemo mini 504 ɗaya mai injinta na asali, kujerunta na asali, da takardun mai ita na farko.

Amma kada wanda ya ɗauka wannan hanyar kuɗi ce ta gobe da safe. Kasuwar masu sayen irin waɗannan motoci a wajenmu ba ta yi ƙarfi ba tukuna, kuma motar da aka ajiye ma tana cin kuɗi: tana son rumfa, tana son a tayar da ita lokaci-lokaci, robobinta suna bushewa. Wanda kuɗin makarantar yara ke kansa, ba shi nake wa magana ba.

Wanda nake wa magana shi ne mai Fijon mahaifinsa a tsakar gida, ana ce masa ya sayar a huta. Kafin ka kira mai sikeli, ɗaga tabarmar ƙasan motar ka duba ko tsatsa ta huda, ka nemo takardunta a akwatin Baba. Idan ƙasan na nan lafiya kuma lambobin sun dace, sauran kayan gyaran ana iya lalubo su a Panteka ko Ƙofar Ruwa tun tsofaffin dillalan da suka san su suna raye.