Goron Biki: Littattafan Girki Da Suka Cancanci A Yi Kyauta Da Su

Duk lokacin da biki ya ƙarato, ko Sallah ƙarama ko babba, ko Kirsimeti da Sabuwar Shekara, magidanci yakan shiga lissafin abin da zai riƙa a hannu idan za shi gaida 'yan'uwa da surukai da abokan arziki. Abin da aka saba kuwa sananne ne: turmin atamfa, kwalbar turare, ƙwaryar goro, ko zakara idan hali ya yi. A wannan mako filin nan zai kawo wata shawara dabam, watau littafin girke-girke. A Ingila da Amurka al'adar ta daɗe da kafuwa, har ma kamfanonin ɗab'i sukan ajiye manyan littattafansu na girki sai wajen watan Oktoba sa'an nan su fito da su, domin su riski masu sayayyar Kirsimeti. A ƙasar nan abin bai yaɗu ba tukuna, alhali kuwa turare yakan ƙare, atamfa takan koɗe, amma littafi mai kyau sai ya yi shekara talatin a madafa, man ja ya ɓata shafinsa, har 'ya ta gaje shi daga uwa.

Sai dai kafin a shiga kanti akwai gargaɗi. Wannan kyauta ce mai bukatar lura da iya baki. Maigidan da ya shigo da littafin girki ranar jajibere, ya miƙa wa uwargida ba tare da wata magana mai daɗi ba, kada ya yi mamaki idan aka tambaye shi ko miyar jiya ce ba ta yi ba. Uwar mijin da ta aika wa amaryar ɗanta irin wannan littafi ta riga ta san abin da ta tono. Mai mata biyu kuwa, ko dai ya sayi biyu iri ɗaya, ko ya haƙura ya koma wa atamfarsa. Waɗanda kyautar ta fi dacewa da su su ne mai sha'awar girki wadda kowa ya shaida ta iya, da ɗalibin da zai tafi jami'a, da ɗan bautar ƙasa da aka jefa garin da bai san kowa ba, da gwauron da cin gidan abinci ya fara cinye masa albashi. Littafin girki ba na mata kaɗai ba ne. Masu tsire da masu shayi da kukun manyan otel-otel, ai yawancinsu maza ne.

To, wane littafi? Ya kamata a soma da na gida, kuma da tsofaffi, domin su ne tushe. A shekarar 1934 aka buga The Kudeti Book of Yoruba Cookery, na J. A. Mars da E. M. Tooley, wanda ya ɗauko sunansa daga unguwar Kudeti ta birnin Badun, inda mishan suke da makarantar 'yan mata. Ɗan ƙaramin littafi ne na abincin Yarabawa, an kuma sake buga shi sau da dama. A 1957, shekara uku kafin samun mulkin kai, kamfanin Longmans ya fito da Miss Williams' Cookery Book na Rhoda Omosunlola Williams, wanda ake lissafawa cikin na farko-farko da 'yar Nijeriya ta rubuta da hannunta. Bayan su sai Nigerian Cookbook na H. O. Anthonio da M. Isoun, wanda Macmillan ya buga a 1982. A cikin ukun nan, na ƙarshen shi ya fi dacewa da gida, saboda bai tsaya ga abincin ƙabila ɗaya ba, kuma an rubuta shi ne domin mai dafuwa a ƙasar nan, wadda kasuwarta ke da agushi da man ja da busasshen kifi. Samunsu sabbi yana da wuya yanzu. Amma mai haƙurin tsugunawa gaban masu kasa tsofaffin littattafai, irin na Yaba a Ikko, wani lokaci yakan dace, kuma tsohon littafi da aka naɗe da kyau ba abin kunya ba ne a kai shi gidan surukai.

Na baya-bayan nan sun fi kyan gani nesa ba kusa ba, da takarda mai sheƙi da hotuna masu sa yawu ya tsinke. A 2017 Lopè Ariyo, wata matashiya 'yar asalin Nijeriya mazauniyar Landan, ta fito da Hibiscus, sunan da ba wani abu yake nufi ba illa zoɓo. Littafin yana gauraya ɗanɗanon Nijeriya da salon girkin Turawa, saboda haka ya fi dacewa da ɗan'uwan da ke zaune ƙasar waje fiye da uwargidan da ke Gusau. A 2023 Yewande Komolafe, wadda ta tashi a Ikko kuma take rubutun girki a jaridar New York Times, ta buga My Everyday Lagos mai ɗauke da girki 75. Aiki ne na ƙwararriya, awonsa daidai, bayaninsa a tsare, duk wanda ya bi shi sannu a hankali zai sauke dafa-duka mai kyau ko da bai taɓa riƙa ludayi ba. Amma sunansa bai ɓoye kome ba, abincin Ikko ne. A 2025 kuma aka sami Chop Chop na Ozoz Sokoh, wadda ta karanci ilmin duwatsu da ma'adinai kafin ta koma binciken abinci. Girki 100 ne a ciki, kuma ta yi ƙoƙarin zagaya dukan sassan ƙasar nan, har da Arewa. Wanda ke da kuɗin littafi ɗaya tak daga cikin sababbin, lalle wannan ya fi kusa da biyan bukata.

Maganar kuɗi kuwa ba ƙarama ba ce. Dukan ukun nan a ƙasashen waje aka buga su, da fam ko dala ake saye, kuma tun da darajar Naira ta faɗi a 2023 farashin littafin waje ya wuce inda ƙaramin ma'aikaci zai taɓa ba tare da ya yi tunani sau biyu ba. Ba laifi 'yan'uwa uku ko huɗu su haɗa kuɗi su saya wa mutum ɗaya.

Akwai wani littafi da ya kamata mutanen Filato da Bauci da kudancin Kaduna su sani, ko da don su ga yadda duniya take ɗaukar abin da suke da shi a rumbu. Pierre Thiam, wani kuku haifaffen Dakar ta ƙasar Senegal mazaunin Amurka, ya buga The Fonio Cookbook a 2019, kuma abin da ake kira fonio ɗin nan acca ce, wadda ake gwate da tuwo da kunu da ita. Ƙasar Gini ce ta fi kowa noma ta, Nijeriya na biye. Hatsi ce mai jure ƙasa marar ƙarfi, mai nuna da wuri a gona, mai dahuwa cikin 'yan mintoci a tukunya, wahalarta ɗaya ita ce surfe da rege tsakuwa. Thiam ya cika littafi guda da hanyoyin sarrafa ta, daga abin karin kumallo har kayan zaƙi. Wanda ya taɓa jin ana yi wa acca kallon abincin talaka, idan ya buɗe littafin nan sai jikinsa ya yi sanyi.

Ga malami ko alƙali ko duk mai son tarihi, wanda ba lalle ne ya taɓa hura wuta ba, akwai kyautar da ta fi waɗannan duka nauyi. A ƙarni na 10, zamanin daular Abbasiyawa, wani marubuci a Bagadaza mai suna Ibn Sayyar al-Warraƙ ya tattara Kitab al-Tabikh, littafin girki na Larabci mafi tsufa da ya wanzu har yau. Babi 132 gare shi, da girki fiye da 600 na fadar halifofi da manyan gari, wasu daga cikinsu an jingina su ga Ibrahim ibn al-Mahdi, ɗan'uwan Halifa Haruna Rashid. Bai tsaya ga tukunya ba, ya taɓo ladubban cin abinci, da wankin hannu, da sakace, da abincin marasa lafiya, ga kuma waƙoƙin yabon abinci. A ciki akwai tharid, watau gurasar da ake gutsuttsurawa a jiƙa da romon nama, abin da Bakano ba zai ɗauka baƙo ba. Wata malama 'yar Iraƙi, Nawal Nasrallah, ta fassara shi zuwa Turanci a 2007 da sunan Annals of the Caliphs' Kitchens. Littafi ne mai kauri, mai tsada, na karatu ne fiye da na madafa. Amma yana maganin masu cewa rubuta girki bidi'ar Turawa ce.

Duk wanda aka ba littafin da aka buga a waje zai ci karo da matsala ɗaya tun a shafin farko, ita ce ta awo. Uwargida a nan da mudu da gwangwanin madara da ludayi take aiki, gishiri kuwa da yatsa uku, sauran kuma ido ne da hanci. Littafin Amurka da kofi da cokali yake magana, al'adar da wata malamar girki ta birnin Boston, Fannie Farmer, ta ƙarfafa da littafinta na 1896, inda ta nace a riƙa shafe bakin cokali da na kofi kada a yi tozo. Na Ingila kuma da giram yake awo, sai an nemi sikeli. Mai kyauta zai kyauta ƙwarai idan ya rubuta ɗan bayani a bangon ciki: kofin Amurka yana cin wajen mililita 240, babban cokali 15, ƙaramin cokali na shayi 5, gwangwanin madara ƙarami kuwa wajen kashi biyu cikin uku ne na kofin. Inda littafi ya ce a gasa a zafin 350 na ma'aunin Amurka, wajen 180 ke nan a ma'aunin da aka saba da shi a nan. Mai risho ko murhun gawayi, wadda ke gasa kek a tukunyar da aka zuba wa yashi, ita wannan lissafi bai dame ta ba, ta san wutarta.

Haka nan kuma wajibi ne a buɗe littafi a duba kafin a naɗe shi. Yawancin littattafan Turawa cike suke da naman alade da girkin da ake zuba wa giya, kuma kai irin wannan gidan Musulmi ranar Sallah ba ƙaramin kuskure ba ne. A duba kuma ko kayan haɗin suna samuwa a kasuwar garin wanda za a ba. Littafin da kowane shafinsa ke neman wani irin cuku da ba a sayarwa sai a manyan kantunan Abuja, ƙarshensa kan kabad, ƙura ta rufe shi.

Abin da zai dami mai karatu shi ne, duk littattafan da aka ambata babu na Hausa ko ɗaya. Girkin ƙasar Hausa yana da yawa a rediyo da talabijin da wayar hannu, amma abin da aka ji a rediyo iska ce, wanda ke cikin waya kuma yakan tafi ranar da wayar ta faɗa ruwa. Littattafan da suka yi suna a duniya da sunan abincin Nijeriya, yawancinsu daga Kudu marubutansu suka fito, kuma ba laifinsu ba ne idan Arewa ta tashi da tsire da kilishi da zoɓo da wasu 'yan kaɗan. Ina alkaki da nakiya da dubulan na garar amarya? Ina dashishi da burabusko da tubani da alkubus? Ina bambancin miyar kuka ta Sakkwato da ta Zariya, ko yawan kanwar da ɗan wake yake bukata kafin ya yi ɗaci? Akasarin wannan ilmi yana kan tsofaffin mata ne, kuma kowace shekara ana rasa wasu daga cikinsu. A Amurka, shahararren littafin nan Joy of Cooking ya samo asali ne daga wata mata, Irma Rombauer, wadda mijinta ya rasu, ta ɗauki kuɗinta ta buga kwafi 3,000 a 1931, ba tare da wani kamfani ya tsaya mata ba. Har yau ana sake buga shi.

Saboda haka ga shawara ta ƙarshe, wadda ta fi duka araha, ga wanda aljihunsa bai kai ga littafin waje ba. Ya sayi babban littafin rubutu mai bango mai tauri, irin na rajista, da biro biyu, da kofin awo ɗaya. Ya ba 'yarsa ko ƙanwarsa ko ɗansa mai kyan rubutu, da sharaɗin cewa a hutun bikin za a zauna kusa da Hajiya ko Iya ko Gwaggo duk lokacin da ta ɗora tukunya. Kafin ta zuba abin da ta ɗebo da hannu, a tare shi a kofi a auna, a rubuta. A rubuta sunan girkin, da sunan wadda ta koyar, da garin da ta koyo shi, da kwanan wata, ko da boko ko da ajami. Tsohuwa za ta yi faɗa, za ta ce ana ɓata mata lokaci, miyarta za ta kama. A ba ta haƙuri, a ci gaba da rubutu, a soma da miyar taushen Sallah tun da ita ce a kan wuta.