Bautar shekara guda a gidan ado

A makon jiya na kammala wani littafi da wata abokiyar aiki ta ara mini, na kuwa rufe shi raina a ɓace. Sunansa a fassarar Faransanci Le Diable s'habille en Prada, wato Iblis mai sanya tufafin kamfanin Prada. Lauren Weisberger, ƴar Amurka, ta wallafa shi a 2003, bayan ta yi wa Anna Wintour hidima, matar da ta riƙe ragamar mujallar ado ta Vogue daga 1988 zuwa 2025. A 2006 aka mayar da shi fim.

Ga labarin a taƙaice. Andrea Sachs ta gama jami'a da burin zama marubuciya a mujallar The New Yorker. Sai ta samu aiki a birnin Niyok, a matsayin ƴar aiken Miranda Priestly, shugabar wata mujallar ado mai suna Runway. An tabbatar mata cewa duk wadda ta jure shekara guda a ƙarƙashin Miranda, ƙofofi za su buɗe mata. Daga nan rayuwarta ta zama ta wata: sayo kofi, karɓo wanki, ɗauko kare, neman sabon littafin Harry Potter tun bai shiga kasuwa ba domin tagwayen uwargijiyarta. Waya ba ta hutawa dare da rana.

Abin da ya dame ni na farko shi ne maimaici. Babi bayan babi, Miranda ta yi wulaƙanci, Andrea ta yi gunaguni a zuci, gari ya waye a sake. Na biyu, Andrea ta raina sana'ar da ke ciyar da ita. Tana kallon abokan aikinta a matsayin wawaye, ba ta taɓa tsayawa ta koyi yadda ake haɗa mujalla ba, ita da ke son aikin jarida. Ɗan kasuwar da ya san wahalar zaɓen atamfa ya san ado ma ilimi ne.

Na uku ya fi ciwo. Saurayinta Alex, malamin makaranta, ya gaji ya ja baya. Ƙawarta Lily ta nutse cikin shan giya a gaban idonta, har ta yi haɗarin mota ta suma, lokacin Andrea tana Faris tare da Miranda. Duk da haka, da farko ta zaɓi ta zauna. Sai da Miranda ta ƙara ɗora mata wani aikin sannan ta zage ta, ta kama hanyar gida. Ta sayar da tufafin alfarmar da ta tara, ta samu abin zaman rubutu. To, ina darasin? Mai iyaye masu hali da takardar babbar jami'a, fita ba ta yi masa wuya. Wanda ke ciyar da mutum goma da albashinsa fa? Littafin bai waiwaye shi ba.

Amma kada in yi rashin adalci, littafin ya bar ni da tambaya guda. Kowa na karanta shi yana ganin kansa Andrea, ba wanda ke ganin kansa Miranda. Alhali a cikinmu akwai mai aiken sakatariyar ma'aikata cefanen gidansa, akwai mai riƙe yaron shago har tsakar dare da alkawarin jarin da ba ya zuwa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Wanda ke da ma'aikaci a ƙarƙashinsa, ya tambaye shi yau ƙarfe nawa ya isa gida jiya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.