Wasiƙa a Buɗe Zuwa ga Masu Binciken Diyyar Rauni na Kamfanonin Inshora

Maga, Arewa Mai Nisa, Kamaru.



Ya ku 'yan'uwa ma'abota wannan sana'a, waɗanda kamfanonin inshora ke aikowa daga Garwa da Marwa domin ku tabbatar musu da gaskiyar wanda ya ce mota ko babur ya ji masa rauni, ina roƙon ku ba ni aron hankalinku in yi muku nasiha a kan aikinku a ƙasarmu ta Maga da kewayenta, daga Girbidik har zuwa Pus a bakin kogin Lagone, inda hatsarin hanya ya yawaita tun da babura suka zama abin hawan talaka.

Ku sani ba na cikin masu ganin aibin sana'arku. Kuɗin da ake biyan diyya da shi dukiyar jama'a ce, wadda direbobi da 'yan acaɓa suka tara da guminsu, saboda haka duk wanda ya cusa sunansa cikin fasinjojin motar da bai shiga ba, ko ya sayi takardar likita a kan ciwon da bai same shi ba, haƙƙin mutane ya ci, kuma wajibi ne a sami mai tona shi. Sai dai Suratul Hujurati, wadda ta umarci muminai da su yi tabayyuni kafin su yi aiki da labari, ita ce kuma, bayan ayoyi kaɗan, ta hana su mugun zato da tajassusi. Kuma a tsakanin wannan umarni da wancan hani ne Allah ya ajiye abincinku, don haka babu wanda ya fi ku bukatar sanin iyakar kowannensu.

Dokar da kuke aiki a ƙarƙashinta ma a kan tausayin mai rauni aka gina ta. Yarjejeniyar inshora ta CIMA, wadda aka sa wa hannu a Yawunde ran 10 ga Yuli 1992, kundinta kuma ya fara aiki a 1995, ta wajabta wa kamfani a sashe na 231 ya gabatar wa wanda ya ji rauni tayin diyya cikin ƙayyadadden wa'adi. Ta ce a sashe na 228 ba a hana mai tafiya a ƙasa ko fasinja diyyar jikinsa saboda kuskurensa, sai idan shi ne ya nemi cutar da kansa da gangan. Ta kuma ɗora wa 'yan sanda da jandarmomi aika wa kamfani takardar shaidar hatsari cikin wata 3. To, idan aka aiko ɗayanku domin ya tono ko tsohuwar da mota ta buge a bakin kasuwa ta waiwaya kafin ta tsallaka, an sa shi wahalar da shari'a ba ta nema ba. Idan kuma aka mai da bincikenku dalilin jan lokaci har mai haƙƙi ya gaji ya haƙura, to an sa hannunku cikin zalunci, ko da ba ku nufa ba.

Babbar nasihata tana kan hoto da bidiyo, waɗanda wayar hannu ta sauƙaƙa wa kowa. An ce gani ya kori ji, amma ganin minti biyu ba ya korar jinyar wata shida. Tun da aka gina madatsar ruwan Maga a 1979, kamfanin SEMRY ya shimfiɗa gonakin shinkafa a bayanta, rayuwar mutanen nan ta rataya ga lokacin ruwa da lokacin dashe, waɗanda ba sa jiran mai lafiya balle majinyaci. Za ku tarar da magidancin da ya karye a cinya, tsaye cikin taɓo har ƙauri, ya sunkuya yana dasa shinkafa, ku ce kun kama maƙaryaci. Da kun dakata kaɗan, da kun ga sandar da ya jingine a kan kunya, kun ga yadda yake dafa kafaɗar ɗansa kafin ya miƙe, kun ga cewa aikin da ya saba gamawa kafin azahar yanzu yana kai shi kwana uku. Abin da ya fito da shi bashin taki ne da kuɗin ban ruwa da bakunan da ke jiransa a gida, ga kuma kunyar da ke hana namijin ƙasar nan yin raki a gaban baƙo, har ma in kun tambaye shi jiki ya ce muku da sauƙi, alhamdu lillahi. Wanda ya rubuta wannan amsa a matsayin iƙirarin warkewa ya yi wa ladabin mutum mummunar fassara. Haka masuncin da kuka gani cikin kwalekwale a tafki: ku bincika ko shi ke jefa taru, ko kuwa zama kawai yake yi a baya yana nuna wa ƙanensa wurin kifi.

Hukunta rauni aikin likita ne. Malamanmu na mazhabar Malikiyya, kamar yadda yake a Risala ta Ibn Abi Zaid, ba sa ƙayyade diyyar rauni sai bayan ya warke an ga abin da ya bari a jiki, kundin CIMA ma a kan naƙasar da likita ya auna yake lissafi, ya kuma ce a sashe na 244 a sanar da majinyaci kwana 15 kafin a duba shi, a gaya masa yana da ikon zuwa da likitan da ya zaɓa. Ku isar da wannan sanarwa da bakin da mutum ke ji, ko Musgum ne ko Fillanci ko Larabcin Shuwa ko Hausa, gama takardar Faransanci da aka miƙa wa wanda bai yi boko ba ba ta sauke nauyi.

Kada kuma ku ɗauki rashin takarda tamkar rashin gaskiya. Mutum da yawa a nan, idan ya karye, wurin mai ɗori ake fara kai shi, domin asibitin Yagwa ko na Marwa da nisa, kuɗi kuma babu. Yara da yawa ba su da takardar haihuwa. Mai sayar da busasshen kifi ba ta da rasit na cinikinta. Doka ta san da irinsu, shi ya sa sashe na 259 ya ce baligin da ba ya iya kawo hujjar abin da yake samu a yi masa lissafi bisa mafi ƙarancin albashi na ƙasa. Mai bincike na ƙwarai shi ne wanda zai je wurin mai unguwa da liman da mai ɗorin, ya faɗi sunansa da wanda ya aiko shi, ya tattaro shaidar da za ta cike gurbin takardar, ko ta amfani kamfani ko ta amfani majinyaci.

Game da gidajen mutane kuwa, ku tsaya a zaure, ku yi sallama, ku jira izini. Leƙen katanga, da ɗaukar hoton matar aure a tsakar gida, da yaudarar yara da alewa don su faɗi abin da ubansu ke yi da dare, da shiga gari da sunan ma'aikacin agaji, duk haramun ne a addini, abin kunya ne a al'ada. Turawa ma, waɗanda daga gare su wannan sana'a ta zo mana, sun ga illarta: a Oktoban 2016 Kotun Turai ta Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta yanke wa ƙasar Suwizalan hukunci a shari'ar wata mata da babur ya buge, wadda kamfanin inshora ya sa aka riƙa bin ta a ɓoye ana ɗaukar ta bidiyo, kotun ta ce an keta sirrin rayuwarta ba tare da doka bayyananniya ba, har sai da mutanen ƙasar suka kaɗa ƙuri'a a Nuwamban 2018 a kan dokar da ta shata wa irin wannan sa ido iyaka. Idan haka ne a ƙasar da babu kulle, ina ga ƙasar da ake auna mutuncin gida da suturar iyalinsa?

Daga ƙarshe, idan kuka zauna rubuta rahoto, ku tuna shaida kuke bayarwa a kan wanda ba ya nan balle ya kare kansa. Ku rubuta abin da kuka gani da ranarsa da sa'arsa, ku bambanta shi da abin da aka gaya muku, ku ambaci ɗingishin kamar yadda kuka ambaci aikin, ku yi hattara da maƙwabcin da ke da tsohuwar gaba a kan gona. In an matsa muku ku lallashi mutum ya dangwala yatsa a kan sulhun da bai fahimta ba, ku ƙi, ku kuma sanar da shi cewa sashe na 235 ya ba shi kwana 15 na warware sulhun da ya saɓa wa doka. Kamfanin da ya san ciwon kansa ba zai yi hasarar ma'aikaci mai gaskiya ba, domin rahoton da alƙali zai yarda da shi ya fi masa amfani. Jama'a kuma, in suka ga ana biyan mai haƙƙi, za su daina kallon takardar inshora a matsayin abin nuna wa jandarma kawai.

Allah ya sa ku ci halal, ya tsare ku daga shaidar zur, ya ba majinyatanmu lafiya, ya kiyaye matafiya.

Wassalam.

Naku, ɗan'uwanku mai yi muku fatan alheri daga Maga.